Malam Inci da Gorar Kawunsa

Duk garin da Allah ya so da rahama yakan ba shi mutum guda wanda in babu shi al'amura sun tsaya cik. Funtuwa, a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, ta yi dace da Malam Isyaku, malamin awon ruwan sama na ofishin gona. Kada wani ya raina muƙamin nan. Manomi na iya cewa an yi ruwa jiya, matarsa ta shaida, katangar maƙwabcinsa ta faɗi don ƙarin shaida, amma a wurin Gwamnati ba a yi ruwa ba sai Malam Isyaku ya sa hannu.

Kayan aikin nasa ba su da yawa, sai dai akwai kwarjini. Wani gwangwani ne mai mazurari a baki, an kafa shi a fili bayan ofis, an kewaye shi da waya saboda awaki. Kullum da safe Malam Isyaku zai fito da hular kwano a ka, alƙalami uku a aljihun gaba, ya juye abin da gwangwanin ya tara cikin wata kwalba mai zane-zane. Ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya. Masu wucewa da jakuna kan rage tafiya. Sai ya yi gyaran murya ya sanar da duniya, "Inci ɗaya da kwata." Daga nan ya samo sunan Malam Inci. Da ya ji ana kiransa haka bai ji haushi ba, ya ɗauka sarauta ce aka naɗa masa.

Ga shi da kyauta, ba ya rowar ilmi. Ko gaisuwa manomi ya tsaya yi masa sai ya tafi da guzurin jawabi. "Ku ganin ruwa kawai kuke yi," in ji shi, "ni kuwa saninsa nake yi. Akwai tazara tsakanin wanda ruwa ya jiƙa da wanda ya auna shi."

Abu ɗaya ne ba ya shiga jawabinsa, wato garinsu. Wani ɗan ƙauye ne a hayin kogi, gaba da Malumfashi ta hanyar Kano, na manoma masu bin al'adar kakanninsu. An haife shi ana tsuga ruwa, aka raɗa masa Anaruwa. Kawunsa Atu, wan mahaifiyarsa, shi ne mai fiton ƙauyen, shi ke haye da mutane da gora in kogi ya kawo. Shi ya riƙa ɗora Anaruwa a wuya yana kai shi elementare a Malumfashi tun kafin a yi gada. A makaranta yaron ya musulunta ya zama Isyaku, kuma ba wanda ya ce masa uffan a ƙauye, har rago Atu ya kai wa malaminsa. Amma tun da alƙaluma suka kai uku a aljihu, in an tambayi Malam Isyaku asalinsa sai ya ce, "Wajen Malumfashi," ya yi maza ya koma maganar inci. Shekara goma sha biyu rabonsa da taka ƙauyen.

Ana nan, a tsakiyar damina, sai ga takarda. An zaɓi Malam Isyaku ya tafi kwas na wata uku a Ingila, ya ƙaro ilmin awon ruwa a ƙasar da aka ce ruwan ba ya ɗaukewa. Jirgi zai tashi daga Kano ranar Alhamis da ƙarfe biyar na yamma. A ƙasan takardar akwai ɗan layi guda da ya hana shi sakat: in bai bayyana a filin jirgi ba, Malam Sada, na ƙasa da shi a ofis, shi zai hau kujerar. Malam Sada kuwa mutum ne marar hayaniya. Tun ranar Talata ya ɗauki ɗan akwatinsa ya shiga jirgin ƙasa, ya je Kano ya zauna yana jiran ikon Allah.

Malam Isyaku shi ɗinki ya sa gaba. Aka yanka masa kwat da wando da falmaran na ulu mai kauri, irin wanda in ka ɗaga shi sai ka ce bargo biyu ne aka haɗe. Matarsa Bilki ta dubi kayan, ta dubi sama, ta ce, "Malam, da ka bi jirgin ƙasan nan kai ma, ka kwana biyu a Kano hankali kwance."

Ya yi mata murmushin da akan yi wa wanda bai yi makaranta ba. Jirgin ƙasa ta Zariya yake bi, wa ya san shi a Zariya? Mutum zai tafi Ingila ya sulale kamar mai gudun bashin gaisuwa? Ai akwai mutanen Bakori, akwai na Malumfashi, bayin Allah da suka daɗe suna cin moriyar incinsa, bai kamata a hana su ladan sallama ba. Saboda haka a Landirobar ofis zai tafi, ranar Alhamis ɗin da safe.

Ranar Laraba Labo, direban ofis, ya kawo saƙo. Ya biyo ta gadar shekaranjiya, Atu ya tare shi ya ce, in tafiyar ta Kano ce, a gaya wa Anaruwa ya haye da wuri, don kogi ya fara kawo jan kumfa da karan dawa, alamar an yi ruwa mai yawa can sama. Labo mutum ne mai son aikinsa, sai ya cire Anaruwa ya sa Malam.

Malam Isyaku ya buɗe littafi ya juya wa Labo shi, ko da yake Labo ba ya karatun boko. "Kwana uku, kwata ɗin inci. Kumfa ba ya cikin kayan awon Gwamnati."

Ranar Alhamis gari ya waye tas, rana ta fito ƙal. Malam Inci ya duba gwangwani, ya same shi a bushe, ya rubuta "Babu ruwa" ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya kulle ƙofar wayar ya jefa mabuɗin a aljihun falmaran, don a ganinsa duk lardin babu idon da ya isa ya karanta kwalbar in ba nasa ba. Kwalbar ma ya naɗe ta a tsumma ya tafi da ita, wai Turawa su ga da me ake aiki.

A Bakori aka tsaya. Ya hau kan matakalar mota ya yi wa masu sayar da rogo bayanin yadda zai gyara wa mutanen Landan kurakuransu. A Malumfashi aka sake tsayawa, nan jawabin ya fi tsawo, don akwai abokan karatunsa da ba su wuce aikin malanta ba, ya kamata su ga falmaran. Gumi na bin wuyansa, laktaye ya shaƙe shi, amma ko maɓalli ɗaya bai ɓalle ba. Labo ya duba rana ya yi tari, ya sake dubawa ya sake tari. Sai da ta take tsaka suka bar garin.

Ba su yi nisa ba suka tarar da jerin manyan motoci a tsaye, fasinjoji sun bazu a gindin itatuwa, masu fura har sun kafa kasuwa. Labo ya kutsa ya kai gaba, ya taka birki. Inda gada take jiya, yau babu komai sai ƙarfe biyu da suka leƙo kamar haƙoran tsohuwa. Kogin ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da rufin wata bukka.

Malam Isyaku ya sauko. Ya dubi ruwan, ya dubi sama, ya ga ko gajimare babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran wanda aka yi taro a gidansa ba a gaya masa ba.

"Wannan ruwan ba bisa ƙa'ida yake ba," ya ce. "Ba a yi ruwan da zai kawo haka ba. Ina da shi a rubuce."

"Ranka ya daɗe, ba a Funtuwa aka yi shi ba," in ji Labo. "Can sama aka yi, kwana biyu ana zubawa. Gwangwaninmu kuwa yana bayan ofis."

Aka shiga shawara. A juya a koma Funtuwa, a bi ta Zariya, sannan Kano? Labo ya ce ko fiffike motar ta yi ba za su isa ba sai bayan isha. Kuma, abin da ya fi tsaya wa Malam a rai, sai an sake ratsa Malumfashi da Bakori, a gaban mutanen da ya gama yi wa sallama. Ya hango Malam Sada a kujerarsa cikin jirgi, ya hango kansa gobe da safe a bayan ofis, da kwat ɗin Ingila, yana leƙa gwangwani. Gaskiya tsoro ya kama shi, na gaske, ba na jawabi ba.

Labo ya nuna masa hayi. Motocin da suka fito daga Kano su ma sun maƙale a can, suna juyawa da duk wanda ya samu hayewa. Hayewar kuwa hanya ɗaya ce, fito.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gorar fito ƙatuwa ce, sai mutum biyu sun haɗa hannu suke rungume ta, an yanke mata baki a sama. Mutum zai tuɓe ya rage gajeren wando, a cusa tufafinsa a ciki a rufe. Mai fito ya kama gefe ɗaya, shi ya kama ɗaya, su riƙe hannuwan juna ta kan gorar, mai fito ya yi ta harba ƙafa. Ba a shiga daidai inda ake son fita, sai an hau sama da nisa don ruwan ya gangaro da mutum. Mata can bayan wata kuka ake haye da su. In an fita, kowa ya buɗe gora ya ɗauki kayansa a bushe. Haka ake yi tun kafin a haifi wanda ya ƙera gwangwani.

Wani dattijo ya fito daga ruwa, siriri, furfura ta cika masa ƙirji, yana janye da gora. Ya tsaya ya kare rana da hannu, fuskarsa ta washe.

"Anaruwa? Kai ne ka zama haka? Ashe saƙona bai same ka ba."

Jama'a suka waiwaya suna neman wane ne Anaruwa. Malam Isyaku ma ya waiwaya tare da su. Da ya ga babu kowa a bayansa sai Landiroba, ya gyara laktaye ya ce, "Sannu da aiki, dattijo. Ana bukatar a haye da ni cikin gaggawa."

Atu ya sauke hannunsa daga goshi. Ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya ce, "To, tuɓe."

A nan ne Malam Inci ya yi jawabinsa na uku a ranar, kuma masu fura sun ce ya fi na Malumfashi. "Jama'a, ni ma'aikacin Gwamnati ne mai tafiya Ingila. Ba a taɓa jin inda ma'aikaci ya tuɓe a bakin hanya ba. Kwat ɗin nan a Funtuwa aka sa shi, a Landan za a cire shi."

Atu ya kama hannun kwat ɗin ya murza tsakanin yatsu, ya girgiza kai. Ya ce akwatin ƙarfen da Malam ya zuba kayansa ba zai hau gora ba, sai dai ya koma da Labo, amma a ciro riga ɗaya da wando a sa a ciki saboda hayi. Malam ya ce mai sanye da tufafi ba ya bukatar tufafi. Abin da ya zaɓa ya shiga gora shi ne takalmansa, da kwalbar awo, da jawabin da zai karanta a Landan, shafi tara. Fasfo da tikiti ya ce suna aljihun ƙirji, takardun Gwamnati ba sa shiga duma. Atu ya miƙa hannu kawai ya tsaya, irin miƙa hannun da yake yi masa yana yaro in ya ɓoye wani abu a baki. Malam ya zaro su ya ba shi. Dattijon ya cusa su can ƙasa, ya cire hular kwanon daga kan mai ita ya kife a bakin gorar. Ta zauna daram.

Suka hau sama ta bakin gaɓa, Malam na tafe da safa cikin taɓo yana bayanin cewa miƙaƙƙen layi ya fi kusa. Atu ya tsuguna ya watsa ɗan garin gero a ruwan, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda kakanninsa ke yi, sannan suka shiga.

Taku goma na farko lafiya lau. Daga nan ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafa, ulu kuma ya fara aikinsa. Kwat ya sha, falmaran ya sha, wando ya sha, kowanne ya ƙoshi ya nemi ƙari. Gorar ta karkata. Haɓar Malam ta taɓa ruwa, sannan bakinsa. A karo na farko a rayuwarsa ya ɗanɗani abin da yake aunawa.

"Anaruwa," in ji Atu yana haki, "mutum biyu nake ja, kai da rigar nan. Ƙarfina na mutum ɗaya ne. Zaɓi."

"Kawu!" Malam ya ce. "Kawu, kada ka sake ni!"

Shekara goma sha biyu kalmar nan tana ajiye, ta fito sabuwa ful, da muryar ƙauye, babu gyaran murya.

"Ban sake ka kana ƙarami ba. Zare hannun hagu."

Atu ya damƙe masa wuyan hannu ɗaya, Malam ya zare ɗaya. Kwat ya tafi, alƙaluma uku suka bi shi. Falmaran ya bi baya da mabuɗin Gwamnati. Aka ɗan samu sauƙi, amma wandon ya naɗe ƙafafu yana ja ƙasa, shi ma aka sallame shi. Duk wannan a tsakiyar kogi aka yi, inda mutanen gaɓar nan da na waccan suke gani sarai. Wanda ya ƙi tuɓewa gaban mutum talatin ya tuɓe gaban ɗari biyu.

Suka fita daidai inda Atu ya nufa. Malam Isyaku ya rarrafa ya kwanta a kan yashi, daga shi sai gajeren wando da shat da ta rine da jan laka ta tsage a baya. Laktayen ne kaɗai ya riƙe amana, yana nan a ɗaure. Kusa da shi wani mai tallan goro da aka haye da shi yadda ake yi ya buɗe gora, ya sa busasshiyar rigarsa, ya ce masa, "Sannu, Malam." Babu wanda ya yi dariya da ƙarfi. Da an yi ma da ya fi sauƙi.

Atu ya je gindin wani marke ya sauko da 'yar shara ta saƙi da wandonta. Da safe ya sa su zai tafi kasuwa, ya tarar gada ta tafi, ya rataye su ya shiga aiki. Ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa. Malam ya sa, kansa a ƙasa, kunya ta hana shi haɗa ido da shi. Ya buɗe baki zai yi jawabi, bai samu ko ɗaya ba, sai ya durƙusa ya ce, "Na gode, Kawu."

"Tashi, jirgi ba ya jira. Hular nan dai ka bar min, ta fi faifai rufe gora."

Motar da ke juyawa Kano ta albasa ce. Malam ya nufi gaba, direban ya dubi 'yar sharar ya ce gaba na manyan mutane ne, ya hau baya. Haka ya yi tafiyar awa uku a kan buhu, rungume da kwalbar awo da jawabi shafi tara, da takalma masu sheƙi a ƙafa babu safa.

Ƙarfe huɗu da kwata ya isa filin jirgi. Mai gadi ya nuna masa ƙofar 'yan dako. Ya zaro fasfo, busasshe ƙayau, mai gadin ya dubi hoton mai kwat, ya dubi mai 'yar shara, ya shaƙi albasa, ya matsa. A ciki Malam Sada na tsaye kusa da teburin tikiti, akwati a hannu, fuskarsa cike da tawakkali mai daɗi. Sai da ya dubi mutumin sau biyu ya gane shi. Ya ajiye akwatin a hankali ya ce, "Barka da isowa, Malam." Wani mai ɗaukar hoton jarida da ya zo ganin masu tafiya kwas ya ratsa masu kwat goma sha ɗaya, ya zo ya tsaya gaban Malam Isyaku, ya ƙyasta. Jirgi ya tashi da shi a kan lokaci.

Bayan mako guda jaridar ta iso Funtuwa. Ga Malam Inci a shafin gaba, an rubuta a ƙasa cewa ga wani ɗan manoma mai tawali'u daga kudancin Katsina, wanda bai yar da tufafin iyayensa ba ko da zai tafi ƙasar Turawa, sauran ma'aikata su yi koyi. Bilki ta sa aka karanta mata sau uku, ta yi dariya har da hawaye, ta liƙa a bango. A ofis kuwa littafin na nan yadda ya bar shi. Ranar da gada ta tafi, Gwamnati ta san babu ruwa.

Labo ne ya kai wa Atu jaridar a bakin kogi. Dattijon ya goge hannu, ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, ya ji daɗi har cikin ransa.

"Rigar ta fito da kyau," ya ce. "In za ku rubuta masa, ku ce ya dawo min da ita. Ita ke nan gare ni ta zuwa kasuwa."